Birkin bakin bindiga: sauƙin kafaɗa ko asarar kunne?

Sani_Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni direba ne a ɗaya daga cikin sansanonin farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai. Bana na lura baƙi da yawa na zuwa da bindigogi masu wani ƙarfe a baki, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, da huji-huji a gefensa. Wani abokin aikina ya ce na rage ƙara ne, amma ni a kunnena ƙarar ma ninkuwa take yi. Wani kuma ya ce na hana bindiga shuri ne da ɗaga kai. Wanne ne gaskiya? In kuma abin kirki ne, me ya sa jagoran farautarmu ke ɓata rai duk lokacin da ya gan shi? Masana a taimaka.

DanKuseri:
Wa alaikumus salam. Salansa ce mana, irin wadda ake gani a finafinai.

TsohonSoja_Njamena:
A'a ɗana, ba salansa ba ce. Abubuwa huɗu ne ake ɗaurawa a bakin bindiga, mutane na haɗa su wuri ɗaya. Akwai mai rage ƙara, doguwa ce kuma a rufe take, ba ta da huji a gefe. Akwai mai ɓoye walƙiyar wuta don kada ta kashe wa mai harbi ido da dare. Akwai birki, mai rage shuri. Akwai kuma mai danne baki don kada ya tashi sama. Na Malam Sani birki ne. Ƙara kuwa ba ya rage ta ko kaɗan, kunnenka bai yi maka ƙarya ba.

MalamIsa_Marwa:
Baba soja ya yi bayani daidai. Bari in ƙara da abin da muke koya wa ɗalibai a darasin kimiyya, domin dokar Newton ta uku ce tsantsa: duk abin da ka tura gaba, shi ma zai tura ka baya daidai wa daida.

Abu biyu ne ke fita daga bakin bindiga. Na farko harsashi. Na biyu iskar gas ɗin albarushin da ya ƙone, wadda ke biyo bayan harsashin da gudun da ya fi nasa. Duk wanda ya taɓa riƙe tiyon injin ban-ruwa a lambu ya san yadda yake fizgewa baya in ruwa ya fito da ƙarfi. Haka gas ɗin nan ke yi wa bindiga.

Mu ɗauki bindigar .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912, ita ce kuma aka fi sani a farautar ɓauna. Harsashinta na yau da kullum ya ɗan haura giram 19, yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa. Albarushin bai wuce giram 5 ba, amma saboda gudun gas ɗin, in ka lissafa za ka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na turin bayan daga gare shi yake. Birki ba ya iya yin komai game da kason harsashi. Gas ɗin kaɗai yake tarewa: yana da bangaye a ciki, gas ya doke su, ya fita ta hujin gefe maimakon ya wuce gaba. Dukan da ya yi wa bangayen ma jan bindigar gaba yake yi.

Abin da ya sa sauƙin ya fi yadda mutum zai zata shi ne, ƙarfin dukan da kafaɗa ke sha yana tafiya ne da gudun komawar bindiga sau kansa. In ka rage gudun da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin dukan ya ragu da kusan rabi.

Sani_Yelwa:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. To ɗaga kan fa?

MalamIsa_Marwa:
Dubi bindiga ta gefe. Layin bututun yana sama da inda ƙotar ke tokarar kafaɗa. Turin na zuwa ta sama, matokarin na ƙasa, dole ta juya bakin ya tashi. Sai aka yi dabarar buɗe wa gas hanya ta sama don ya danna bakin ƙasa. Yawancin na zamani sun haɗa aikin biyu, huji a gefe da huji a sama.

TsohonSoja_Njamena:
Misalin da kowa ya sani a ƙasashen nan shi ne kalashi. Samfurinta mai suna AKM, wadda Tarayyar Sobiyet ta karɓa a 1959, daga baya aka sa mata ɗan guntun ƙarfe da aka yanke a karkace. Ba a yi karkacewar a banza ba. In na-dama ya saki wuta a jere, bakin na hawa sama yana jan dama, shi kuwa guntun nan yana tura shi ƙasa da hagu. Da aka zo kan AK-74 a 1974 sai aka sa mata babban birki sosai, ta zama mai sauƙin riƙewa, amma wanda ke kwance kusa da kai a filin atisaye shi zai ba da labari. Tun kafin su ma, Amurkawa sun sa wa bindigarsu Thompson irin wannan ƙarfe, mai suna Cutts, a shekarun 1920.

Abbo_Coliire:
Ni tambayata ga Baba soja. Kumburin nan da ke kusa da bakin tankar yaƙi shi ma birki ne?

TsohonSoja_Njamena:
In irin T-55 kake nufi, waɗanda aka ƙwace da yawa daga sojan Libiya a Wadi Dum ta arewacin Cadi a 1987, wannan kumburin na zuƙe hayaƙi ne don kada ya koma cikin tanka ya shaƙe mutanen ciki. Birki na gaske ka dube shi a bakin igwa irin D-30. Can ya zama dole, in babu shi sai an yi mata gindi mai nauyi ƙwarai.

Baba_MaiSawu:
Salamu alaikum. Ɗana ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji bayanin malamai, duk na yarda. Amma duk maganar mai harbi kuke yi. Ku tambayi wanda ke tsaye kusa da shi.

Aikina bin sawu, tun ina saurayi, tsakanin gandun dajin Faro da na Buba Njidda. In mun cimma dabba, ni nake kafa wa baƙo sanduna uku ya ɗora bindiga, in durƙusa ta gefensa ina nuna masa da hannu, ga ta can bayan tururuwa, ga kafaɗarta. Kaina bai wuce taku ɗaya daga bakin bindigar ba. Da bindigar da ba ta da wannan ƙarfe, ƙarar gaba take tafiya. Da shi kuwa, a kumatuna take sauka. Iska mai zafi ta doki gefen fuska, tokar ciyawar da aka ƙone a watan Disamba ta tashi ta shiga ido da baki, kunne ya ɗauki shuuu, duniya ta yi tsit.

Wannan ɗan lokacin kuma shi ne lokacin da na fi bukatar kunnena. Bayan harbi nake sauraron ta ina ta bi, ko ta tsaya, ko ta faɗi. Ɓauna in za ta mutu tana yin wani dogon nishi, in na ji shi hankalina ya kwanta. In ban ji ba, na san tana nan da rai a cikin gamba, tana jiranmu. Carki ma yana tona inda take in ya tashi da kuka. Mai bin sawun da ba ya jin carki, ya shiga gamba bayan ɓauna mai rauni, sai dai Allah ya tsare.

Yau kunnena na hagu ba ya jin kukan gyare. A masallaci sai na nemi sahun gaba. Baƙon da ya harba ya koma ƙasarsu da ƙaho, kafaɗarsa lafiya lau.

Sani_Yelwa:
Allah sarki Baba. Allah ya ba ku lafiya. Yanzu na gane fushin jagoranmu.

Hadiza_Nas:
Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kuka kwatanta shi muke gani wurin tsofaffin sojoji da mafarauta da masu injin niƙa. Mutane na zaton sai dodon kunne ya fashe ake samun matsala. Shi dodon kunne ma sau da yawa yana warkewa da kansa. Ɓarnar da ba ta gyaruwa tana can ciki, inda wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi ke karɓar sauti. In suka mutu ba sa sake tsirowa, babu allura babu ƙwaya.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, hirar mutum biyu tana kai desibel 60. Iyakar da masana lafiya suka sa wa ƙarar farat ɗaya ga babban mutum ita ce 140. Babbar bindigar farauta tana kai 160 ko fiye, tun ba a sa mata birki ba. Kada a ga tazarar kamar kaɗan ce, domin duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sautin. Harbi ɗaya tak na iya barin tabo na har abada.

Siraran sautuka ne ke fara tafiya, shi ya sa Baba ya daina jin gyare. Mutum zai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe ta in ana hayaniya a kasuwa ko wurin biki. Roƙona: wanda kunnensa ya toshe ko yake ƙara bayan harbi har aka kwana bai sake ba, ya nemi likitan kunne cikin kwanakin farko, kada ya jira. Kada a ɗiga mai, kada a ɗiga ruwan ganye. Auduga kuma ba kariya ba ce, ƙara na ratsa ta.

Mamman_Lagdo:
Ni tawa kalibar 12 ce, mai watsa ƙwayoyin dalma, ƙirar Baikal mai baki ɗaya, da takardunta cif. Zabi da agwagin ruwa nake nema. Tana dukan kafaɗa sosai, har wuri ya yi shuɗi. In na sa mata irin wannan za ta yi sauƙi?

MalamIsa_Marwa:
Kaɗan ƙwarai, Alhaji. Koma kan lissafin da na yi a sama. A kalibar 12, ƙwayoyin dalma sun kai giram 32, albarushin kuwa bai kai giram 2 ba, kuma kafin gas ɗin ya iso baki ƙarfinsa ya faɗi. Kusan duk shurin na dalmar ne, birki ba shi da abin tarewa. Matsalar mai baki ɗaya rashin nauyi ce. Bindiga mai nauyi ta fi lafawa. Ka sa roba mai kauri a gindin ƙota, ka nemi harsashi mai ƙaramin lodi tunda tsuntsu kake harbi, ka kuma matse ta a kafaɗa kafin ka taɓa kunama. In ka bar rata, sai ta ɗauko gudu kafin ta same ka.

DanKuseri:
To ai abu mai sauƙi ne, a kai wa mai walda ya huda bakin da injin huji, an huta da sayen na Turai.

Makerin_Gidar:
Kul, ƙanena. Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, ba zan taɓa wannan aiki ba ko nawa za a ba ni. Harsashi na wucewa ta cikin ƙarfen nan da 'yar rata ƙanƙanuwa. In ya karkace ko da kaurin farce, harsashi zai doke shi, ƙarfe ya tarwatse a fuskar mutane. Wutar walda kuma tana canza halin ƙarfen bututu, ya zama ba abin yarda ba. Na ga hannun wani mafarauci da bindigar toka ta fashe masa, yatsu biyu suka rage. Ya isa darasi.

Admin_Garwa:
Ina tunatar da kowa. A zauren nan ana bayanin yadda abu ke aiki, ba a koyar da ƙira ko gyaran makami, ba a ciniki. A Kamaru akwai doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 kan makamai da harsasai, ita ke tsara mallaka da ƙira da gyara. Akwai kuma yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda Kamaru da Cadi ke ciki, ta haɗa har da sassan ƙananan makamai. Mai lasisi ma ya tuntuɓi hukuma kafin ya canza wani abu a jikin bindigarsa. Duk wanda ya saka hoton yadda ake yi zan goge.

Uwar_Yara_Tuboro:
Ku yi mini afuwa, ni dai raina bai so wannan hira ba. Mu nan yankinmu masu garkuwa da mutane sun hana mu barci, makiyaya sun sayar da shanu sun biya fansa, wasu sun yi hijira. Sai ga maza na tattauna yadda bindiga za ta yi daɗin harbi.

Ekogad_Faro:
Inna, kukanku gaskiya ne, babu mai musu. Ni ma'aikacin gandun daji ne, na yi karatu a makarantar kula da namun daji ta Garwa, wadda tun 1970 take horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka masu yawa. Mun san abin da bindiga ke yi in ta faɗa mugun hannu. A farkon 2012 mahaya dawakai suka shigo Buba Njidda suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. A gandun dajin Zakuma na Cadi giwaye sun faɗo daga kusan 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, kafin ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da wurin a wannan shekarar. Waɗancan mutanen ba su nemi shawarar wani zaure ba.

Amma waɗanda ake magana a kansu a nan masu aikin halal ne: direba, mai bin sawu, mai ɗaukar ruwa, mai fiɗa. 'Ya'yan ƙauyukanku ne, daga Poli har Coliire. Kunnuwansu na lalacewa a bakin aiki, babu mai ɗaukar nauyin magani. Wannan ma abin tattaunawa ne.

Uwar_Yara_Tuboro:
Na ji, ɗana. Allah ya kawo mana zaman lafiya. Maganar Baba mai bin sawu ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba.

Jagora_Haruna:
Bari in faɗi ɗaya gefen, domin na ga an taru a kan birkin nan. Na yi shekaru ina jagorantar baƙi. Da yawansu dattawa ne, wasu an yi musu aiki a kafaɗa. Mutumin da ke tsoron bindigarsa yana runtse ido, ya fizgi kunama kafin ya daidaita. Na ga wanda madubin hange ya tsage masa gira a harbin gwaji, daga ranar hannunsa bai sake tsayawa ba. Irin wannan shi ke harbin ɓauna a ciki maimakon a kafaɗa. Wa zai shiga gamba ya nemo ta? Baba ne da ni. Saboda haka in birki zai sa ya harba daidai sau ɗaya a gama, wani lokacin na fi son sa da shi. Kuma bakin da bai tashi ba yana ba shi damar ganin inda harsashi ya sauka, ya maimaita da sauri.

Baba_MaiSawu:
Malam Haruna, ka faɗi gaskiya, na sha bin jinin da bai kamata a zubar ba. Amma wanda ba zai iya da .375 ba, ya je ya nemi mariya da kanki da ƙaramar bindiga. Ba dole ne kowa ya harbi ɓauna ba.

Jagora_Haruna:
Baba, da ni ke zaɓen baƙi da haka zan yi. Mutum ya biya kuɗi masu yawa tun daga ƙasarsu, mai sansani ba zai ce masa ya koma ba. Abin da ke hannuna shi ne tsarin tsayuwa. In na ga birki, kowa ya koma bayan kafaɗar mai harbi kafin a harba, babu mai durƙusawa a gefe. A kafa sanduna, a nuna, a ja baya. Kuma babu harbi kusa da mota ko jikin dutse, domin ƙarar na dawowa.

Abbo_Coliire:
Na ji ana cewa akwai wanda ake kwancewa. Me zai hana ya yi gwaji da shi a sansani, in za a shiga daji ya cire?

TsohonSoja_Njamena:
Ana yin haka, a murɗe shi a mayar da murfi a wurin. Sai dai nauyin da ke baki yana canza yadda bututu ke girgiza, inda harsashi ke sauka na iya gusawa. Wanda ya daidaita madubi da birki sannan ya cire, sai ya sake gwadawa ba tare da shi ba. Ga kuma ƙura. In ka harba a kwance da mai huji ta ƙasa, a busasshiyar ƙasar rani, ba ka ƙara ganin komai. Dalilin da ya sa Amurkawa suka toshe ƙasan na bindigar sojansu M16A2 ke nan.

Hadiza_Nas:
Malam Haruna, komawa baya na rage abin, amma bai fitar da su daga haɗari ba. Shi kansa mai harbin, in na-dama ne, kunnensa na hagu ke fara lalacewa, saboda shi ke fuskantar baki, na daman kai ya kare shi. Soson toshe kunne ba shi da tsada. A murza shi ya yi siriri, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. In an sa shi daidai yana rage desibel 20 zuwa 30. Wurin gwaji a haɗa da na rufe kunne gaba ɗaya. Sansanin da ke iya sayen man mota zai iya sayen kwalin soso.

Sani_Yelwa:
Anti Hadiza, baƙin suna zuwa da wani na kai mai batir, wai yana ƙara jin ƙananan sautuka amma ya yanke in an yi harbi. Su kaɗai ke sawa.

Ekogad_Faro:
Shi ne ya kamata a ba masu bin sawu, tunda su ne ba za su iya tafiya da kunne a toshe ba. Ni a ganina a sa shi cikin sharaɗin aiki: baƙon da ya zo da birki ya zo da na kowa.

Jagora_Haruna:
A rubuce abin na da kyau. A watan Maris, zafi ya haura 40, ka sa wa mutum wannan a kai ya yi tafiyar awa shida a rana? Kafin azahar ya rataye shi a wuya. Kuma harbi ba ya ba da sanarwa, wani lokacin daƙiƙa uku ce tsakanin ganin dabba da tashinta.

Mamman_Lagdo:
Malam Isa, na samo robar a kasuwa amma ta ƙara wa ƙotar tsawo, hannuna na miƙewa da yawa. A rage katakon ko a bar shi?

MalamIsa_Marwa:
Kada ka yanke da kanka, Alhaji. Kai wa mai gyaran da hukuma ta sani ya auna da tsawon hannunka.

Baba_MaiSawu:
Na kai mai batir ɗin nan, wani baƙo ya taɓa ara mini. Ana ji da shi ƙwarai, har takun kwarkwasa kamar za ka ji. Amma sautin duk a tsakiyar kai yake zuwa. Reshe ya karye, na kasa sanin dama ne ko hagu, sai na cire. In akwai irin da ke nuna gefe, Malam Haruna, ka tambayar mana baƙinka na bana, yarana biyu suna cikin aikin nan kuma kunnensu bai taɓu ba tukuna.

Jagora_Haruna:
Zan tambaya, Baba. Akwai ƙanana da ake sawa cikin kunne, an ce sun fi kama gefe, sai dai kuɗinsu. Wanda ya taɓa gwada su a daji ya yi mana bayani.